Wa Ya Ce Dole Kowane Fim Ya Ƙare da Tuba?

Wani ra'ayi ya yi kaka-gida a zukatan masu kallo da masu sharhi a Arewa, cewa aikin fim ɗin Hausa faɗakarwa ne kawai. A wannan fahimta, duk wanda ya ɗauki kyamara ya tsaya yana tambayar me ake nufi da zama mace, me ake nufi da zama namiji, me ake binnewa a ɗakin aure, sannan ya ƙi rufewa da darasi, to ɗan koren Turawa ne da aka ba kwangilar ɓata tarbiyya. Ana jin wannan magana a rediyo, ana jin ta a majalisun bakin titi a Unguwar Rimi ta Kaduna, har masu shirya fim ɗin kansu sukan fara rantsuwa da ita kafin su ce komai a kan aikinsu. Ni ina ganin kuskure ce, kuma ta jawo mana asara, domin ta hana mu irin fim ɗin da muka fi bukata.

A dubi abin da sharaɗin faɗakarwar ya haifar. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 an yi dubban fina-finai a kan aure, amma yawancinsu hanya ɗaya suke bi. Kishiya ta je wurin boka, uwar miji ta hura wuta, asiri ya tonu, muguwar ta haukace ko ta durƙusa tana kuka tana neman gafara, a rubuta godiya ga Allah a kan allo. Mai kallo ya tashi da sanyin zuciya, domin mugun wani ne can, ba shi ba. Ba a taɓa shi ba, ba a sa shi ya dubi yadda shi kansa ya saki matarsa a kan gishirin miya ba, ko yadda danginsa suka ɗora wa amaryarsu laifin rashin haihuwa ba tare da ɗansu ya taɓa taka asibiti ba. Darasin da ake liƙawa a ƙarshe yana rufe tambayar tun kafin ta yi zafi. Shi ya sa bayan shekaru sama da talatin ana faɗakarwa, zawarawa ba su ragu a gidajen iyayensu ba, kuma yarinyar da aka yi wa fyaɗe har gobe ita ake cewa ta yi shiru don kare sunan gida.

Akwai wata hanyar, kuma ba daga Faransa ko Amurka za a ɗauko misalinta ba. Aicha Macky 'yar Damagaram ce. A 2016 ta fitar da fim a kan rashin haihuwa, wanda sunansa ke nufin bishiyar da ba ta 'ya'ya, kuma ba ta ɗauko 'yar wasa ta saka mata hawayen ƙarya ba. Kanta ta sa a gaban kyamara, matar aure da ba ta samu haihuwa ba, tana magana da mahaifiyarta da ta rasu wajen haihuwa, tana zama da wasu mata masu irin damuwarta suna faɗin abin da ake yi musu a gidan miji. Babu boka, babu wanda ya tuba, babu jaririn da ya faɗo daga sama a minti na ƙarshe. Fim ɗin ya ci kyautar fim ɗin gaskiya a gasar fina-finan Afirka ta AMAA ta wannan shekarar. A 2021 kuma ta juya kyamarar kan maza, ta shiga Kara-Kara a Damagaram, unguwar da aka ware wa kutare a da, ta zauna da samarin da ke ɗaga ƙarfe suna kumbura ƙwanji, suna fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Nijeriya da daddare. Ba ta zage su ba, ba ta kuma wanke su ba. Ta bar mai kallo ya ga abin da namiji ke zama idan an ce masa darajarsa tana cikin ciyar da gida, sannan aka hana shi makaranta da aikin yi. Duk wanda ya san matsalar 'yan sara-suka a Kaduna zai gane waɗannan fuskoki. A Maiduguri ma Rahima Gambo ta yi aikin hoto da bidiyo mai suna Tatsuniya tun daga 2017, tare da 'yan mata 'yan makaranta da suka rayu cikin rikicin Boko Haram. Babu labari mai farko da ƙarshe a ciki. 'Yan mata ne cikin kayan makaranta suna wasan tafi, suna yawo a cikin itatuwa, kuma wannan kaɗai ya isa ya ƙaryata hoton da duniya ta saba gani na yarinyar Arewa a matsayin abar tausayi kurum.

Masu cewa wannan baƙon abu ne ba su yi wa al'adarmu adalci ba. A cikin tashe akwai Mairama da Daudu, inda yarinya ke saka rigar namiji ta zama maigida, 'yan uwanta su kwaikwayi zaman aure a tsakar gida a gaban manya, cikin watan azumi. Waƙoƙin daka da na niƙa cike suke da ƙorafin mata a kan miji da kishiya da uwar miji, kuma ba wanda ya taɓa cewa sai an rufe su da nasiha. Gizo yakan yi ha'inci ya sha, kaka ta ce ƙurunƙus, yara su kwana suna juya abin a ransu. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? daga abin da ta sani na auren wuri da wulaƙancin gidan miji. A Nijar, fim ɗin Oumarou Ganda a kan alhajin da ya ƙwace budurwar wani ya ƙara aure shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a 1972. Tambayar tamu ce tun asali. Abin da ya zo daga baya shi ne tsoron ta.

Hujja mafi nauyi ita ce ta addini da kunya, kuma ba zan raina ta ba. Al'ummar Musulmi tana da haƙƙin ta ce ba ta yarda da tsiraici da batsa a allo ba, kuma babu ko ɗaya daga cikin ayyukan da na ambata da ya nemi hakan. Amma a bambanta tsakanin haramta batsa da haramta batu. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaure, daga Ahalari zuwa Risala, suna maganar haila da janaba da haƙƙin kwanciya ƙarara, malam na fassarawa almajirai na saurare. Addinin da ya koyar da wannan bai ce a rufe ido daga abin da ke faruwa a gidaje ba. Nuna abu kuma daban yake da halatta shi. 'Yan daudu sun daɗe suna sayar da abinci a tashoshin motarmu, kowa ya san da su, amma fim ɗinmu bai san yadda zai yi da su ba sai ya mayar da su abin dariya. Ko mai ganin hanyarsu ɓata ce ya kamata ya so sanin yadda ɗan mutane ya isa can, wa ya kore shi daga gida, wa ya karɓe shi. Ba a gyara abin da aka ƙi kallo.

Tarihin tacewar ma bai goyi bayan masu wannan ra'ayi ba. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, aka tsaurara ta a 2007 ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, har 'yan fim da dama suka dawo Kaduna da aiki. A ƙarshen 2008 aka ɗaure mai shirya fim Hamisu Lamido Iyan-Tama a kan Tsintsiya, fim ɗin da ke kiran zaman lafiya tsakanin ƙabilu. A 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau, 'yar Kaduna, saboda bidiyon waƙa da mawaƙi ClassiQ. Duk wannan bai hana komai shiga wayar yaranmu ba. TikTok da fina-finan Indiya masu fassara suna shiga ɗaki ba sallama. Wanda sandar ke samu shi ne na gida mai suna da adireshi, musamman mace, kuma darasin da matashi mai basira ke ɗauka shi ne kada ya kuskura ya taɓa abu mai nauyi.

Sai maganar kuɗin waje. Gaskiya ne yawancin irin waɗannan ayyuka da tallafin ƙasashen Turai ake yin su, kuma a can aka fi kallon su. Mai ba da kuɗi yana da abin da yake son gani, wannan ba a musu. To amma laifin wa? Matasan The Critics a nan Kaduna suka fara haɗa fina-finan ƙirƙira da waya mai fasasshen gilashi, duniya ta san su a 2019, a 2023 gidan adana fasahar zamani na Frankfurt a Jamus ya baje aikinsu. Attajiranmu nawa ne suka neme su kafin nan? Wanda ya ƙi ciyar da ɗansa ba shi da bakin ƙorafi idan maƙwabci ya ba shi tuwo. Idan ana tsoron manufar baƙo, a zuba kuɗin gida, a bar mai aikin ya faɗi abin da ya gani.

Masu son irin wannan fasaha su ma suna da nasu alhakin. Bikin littattafai da fasaha na Kaduna, KABAFEST, da aka fara a 2017 a Cibiyar Gusau, ya buɗe ƙofar tattauna batutuwan da ake kauce wa, kuma abin yabo ne. Sai dai yawancin zaman da Turanci ake yi, a cikin zauren da mai sayar da kayan miya a kasuwar Unguwar Rimi ba za ta ji nata ba ne. Muddin aikin ya tsaya a GRA, zargin cewa na 'yan boko ne zai ci gaba da samun gindin zama. Masu cewa talaka ba zai fahimta ba kuwa ba su gwada shi ba. Matar da aka yi wa kishiya saboda ba ta haihu ba, ba ta bukatar kowa ya yi mata sharhin fim ɗin Aicha Macky.

Kirana ga masu shirya bukukuwan fim a Kaduna, da shugabannin makarantun 'yan mata, da ƙungiyoyin mata na unguwa, shi ne su nemi izinin waɗannan fina-finai su haska su a cikin Unguwar Rimi, a harabar makaranta ko a gidan kallon ƙwallo ranar da babu wasa. A gayyaci malamai da iyaye, a yi muhawarar da Hausa, wanda zai soki fim ɗin ya soke shi bayan ya kalla.