Ra'ayinmu: Siminti Bai San Ranar Miƙa Kundi Ba

Duk wanda ya ratsa ta Tsangayar Injiniya a 'yan makwannin nan ba ya bukatar a gaya masa cewa lokacin kundi ya kama. 'Yan aji biyar sun yi zuru-zuru. Wannan yana tafe da rabin buhun siminti a bayan babur, wancan yana zaune ƙofar ofishin malaminsa tun hantsi yana jiran a duba masa babi na uku, shagunan buga takardu na bakin ƙofa kuwa ba su rufewa sai dare ya raba. Muna taya su murnar kawowa wannan matsayi, domin shekara biyar ba kwana biyar ba ce, balle ga waɗanda yajin aikin malamai na wata 8 a 2022 ya ritsa da su a tsakiyar karatu.

Amma akwai wata magana da ake yin ta ƙasa-ƙasa a ɗakunan kwana, ba a yin ta gaban malamai, wadda muka ga ya wajaba mu fito da ita fili. Maganar babi na huɗu ce, wato babin da ɗalibi kan zuba sakamakon gwajin da ya yi. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa lambobin da ke cikin wasu kundayen ba daga ɗakin gwaji suka fito ba. Wani ya ɗauko su daga kundin wani da ya gama shekarun baya, ya ɗan jujjuya su. Wani ya sayi kundin ɗungurungum a shago. Ga shi kuma tun ƙarshen 2022 an sami manhajojin kwamfuta irin su ChatGPT, waɗanda za su iya tsara wa mutum jadawali mai kyan gani na gwajin da ba a taɓa yi ba. Ra'ayin wannan mujalla a nan guda ne: kundin da ya faɗi gaskiya cewa gwaji bai ba da abin da ake fata ba, ya fi kundin da aka ƙawata da lambobin ƙarya daraja nesa ba kusa ba. Kuma wajibi ne a gyara tsarin aikin yadda mai faɗin gaskiya ba zai cutu ba.

Bari mu ɗauki misalin da kowane ɗalibin sashen gine-gine ya sani. Yana daga cikin batutuwan da aka fi bayarwa a jami'o'inmu a bincika ko za a iya rage siminti a kankare, a maye gurbin wani kaso da tokar ɓuntun shinkafa ko ta ɓawon gyaɗa. Batu ne mai amfani ƙwarai, ganin tsadar siminti da kuma tulin ɓuntu da ke zube a bayan injinan casa a Kura da makamantanta. To yaya ake yinsa? Sai ɗalibi ya ƙona ɓuntun, ya tankaɗe tokar, ya kwaɓa kankare kashi-kashi, wani babu toka, wani da kashi 5 cikin ɗari, wani 10, wani 15, har zuwa inda aka tsara. Sai ya zuba kowane kwaɓi cikin ƙananan akwatunan ƙarfe masu milimita 150 tsawo da faɗi da zurfi, aƙalla curi uku domin kowane awo. Bayan kwana ɗaya ya cire su ya nutsa cikin ruwa. Daga nan sai jira. Ana murƙushe wasu a na'ura ranar kwana 7, wasu kuma ranar kwana 28, a ga nauyin da kowanne zai ɗauka kafin ya fashe.

Wannan jira kuwa ba al'ada ce kawai ta malamai ba. Ƙarfin kankare ba daga bushewa yake zuwa ba, daga haɗuwar siminti da ruwa ne, haɗuwar da ke tafiya sannu a hankali. Shi ya sa magina kan yi ta yi wa sabon gini bayi. A kwana 7 kankare na yau da kullum bai wuce kimanin kashi biyu cikin uku na ƙarfin da zai kai a kwana 28 ba. Wanda aka sa wa toka ma ya fi nawa, domin tokar sai daga baya take shiga aiki, har masu bincike kan ƙara awo a kwana 56 ko 90. Saboda haka ɗalibin da ya kwaɓa kankarensa saura mako uku a miƙa kundi, ba shi da sakamakon kwana 28, ko da kuwa ya fi kowa ƙwaƙwalwa a ajinsu. In ka ga wannan lamba a kundinsa, to daga wani wuri ta fito. Siminti bai san ranar miƙa kundi ba.

Haka abin yake a sauran sassan. Mai gwada ƙasar da za a shimfiɗa hanya a kai sai ya jiƙa samfurinsa kwana 4 kafin ya auna. Mai ƙera na'urar busar da tumatir da zafin rana, in ya gwada ta cikin hadarin watan Agusta, abin da zai gani daban yake da na lokacin rani, sa'ad da tumatir ke yawa yana ruɓewa a hannun manoma. Mai injin sussukar gero yana bukatar damman gero, su kuwa da kaka ake samunsu a wadace. Kowane aiki da lokacinsa, kuma sauri, in ji masu iya magana, shi ya haifi nawa.

Wani zai ce mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan kundin da ƙura za ta rufe a kantar laburare? Amsa ita ce, ba kundin muke ji ba, mai kundin muke ji. Tarihin wannan sana'a cike yake da darussa a kan lambar da aka ɗauka a zato ba a sake aunawa ba. Ranar 29 ga Agusta 1907 gadar Kwibek da ake ginawa a Kanada ta rushe, ma'aikata 75 suka hallaka. Bincike ya nuna cewa an ƙara tazarar tsakiyar gadar daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800, amma ba a sake lissafin nauyin ƙarfen yadda ya kamata ba, aka ci gaba da aiki da tsohuwar lamba. Har an ga wasu ƙarafan sun fara lanƙwasa kafin ranar, amma ba a tsayar da aikin cikin lokaci ba. A Kanada, tun 1925, injiniyoyi masu gama karatu kan yi alkawarin riƙon amanar sana'a, a sa musu zoben ƙarfe a ƙaramin yatsan hannun da suke aiki da shi, domin ya riƙa gogar takarda duk sa'ad da za su sa hannu.

Mu ma nan gida ba baƙin irin wannan masifa ba ne. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutane fiye da 40 suka rasa rayukansu. Duk lokacin da gini ya faɗi, tambayoyin da ake fara yi su ne: wa ya yi lissafi, wa ya gwada kankaren, wa ya sa hannu? Mai sa hannun nan kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Ɗan aji biyar ne na jiya. Wanda ya koyi cike gurbin kwana 28 da lambar aro domin ya tsira da maki, gobe in ɗan kwangila ya matsa masa ya tabbatar da kankaren da bai gwada ba, hannunsa ba zai yi rawa ba, don ya riga ya saba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ta kowane ɓangare yake tanƙwaruwa.

Sai dai ba za mu yi adalci ba in muka ɗora wa ɗalibai laifin duka. Mun san inda ake raba batutuwan bincike bayan zango ya yi nisa. Mun san ɗakunan gwaji da na'urar murƙushe kankare ta lalace, ko kuwa tana da lafiya amma babu wuta, sai ɗalibai su yi karo-karo su sayi man janareta. Mun san cewa siminti da rodi da batir da faifan sola duk daga aljihun ɗalibi suke fitowa, alhali wani da ƙyar ya haɗa kuɗin rajista. Mun san malami guda da aka jibga wa ɗalibai fiye da yadda zai iya karanta aikinsu shafi-shafi. Mafi muni duka, mun san yadda ake murtuke wa ɗalibin da ya zo ranar kare kundi ya ce, "Malam, na gwada, abin bai yi ba," alhali abokinsa mai jadawalin da ya miƙe sak kamar an ja da rula ya fita da yabo. Tsarin da ke hukunta gaskiya ya saka wa ƙarya, shi da kansa yake koyar da ƙaryar.

Bisa ga haka muna kira ga shugabannin sassa da hukumar jami'a da su duba abubuwa huɗu. Na farko, a raba batutuwa tun ƙarshen aji huɗu, kafin ɗalibai su tafi wata shida na koyon aiki a masana'antu, shirin SIWES da aka faro a 1973, domin ɗalibi ya je can da tambayarsa a ka, ya dawo ya kama gwaji tun makon farko. Na biyu, kowane ɗalibi ya riƙe littafin gwaji, inda zai rubuta kwanan wata da abin da na'ura ta nuna, ma'aikacin ɗakin gwaji ya sa hannu nan take, a kuma ajiye littafin gaban mai jarrabawa na waje tare da kundin. Na uku, a rubuta a fili cikin ƙa'idar ba da maki cewa ingancin hanya da gaskiyar awo ake dubawa, ba daɗin sakamako ba. Wanda ya nuna cewa toka ta kashi 20 tana raunana kankare ya yi wa magina hidima daidai da wanda ya nuna cewa ta kashi 10 ba ta cutarwa. Na huɗu, daga kuɗin da ke shigowa ta asusun TETFund da sauran hanyoyi, a fifita gyaran na'urorin gwaji da samar musu wuta. Gini mai sabon fenti da matacciyar na'ura a ciki ba ɗakin gwaji ba ne.

Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, shawararmu ita ce ku ɗauki abin da za ku iya gamawa ku kuma auna. Ƙaramin aiki da aka kai ƙarshensa ya fi babban suna a bangon kundi. Ku tuna da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta Jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan magina tukwane. Tukunya ya sa cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke tsattsafowa yana bin iska shi ke janye zafi daga ciki, hikimar nan dai da ke sa ruwan randa sanyi. An ba da rahoton cewa yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27 a ciki. Ya gwada, ya gyara, ya kai wa mutanen karkara, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ba tsadar kaya ta ɗaukaka aikin nan ba, amfaninsa ne da kuma cewa kowa zai iya gwadawa ya ga haka yake.

Ku ɗauki kalanda yau, ku fara ƙirge daga ranar miƙa kundi ku komo baya, ku ware kwanakin ɗinki da na gyaran malami da na jiran gwaji, sa'an nan ku ƙara mako biyu na ɗaukewar wuta. In mai walda a Panteka ta Kaduna ne ya haɗa muku injin, ba abin kunya ba ne, amma ku tsaya kansa da zanenku a hannu, ku kuma ambace shi a kundin. In lokaci ya ƙure muku a kwana 14, ku rubuta kwana 14, ku bayyana dalili, ku bar wa ɗan ajin da ke bayanku inda zai ɗora. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Tambaya ɗaya daga mai jarrabawar da ya san aikinsa ta isa ta kai mutum bango.

Yayyenmu da suka riga mu fita, waɗanda ke Ma'aikatar Ayyuka da Hukumar Ruwa da ofisoshin ƙananan hukumomi, ku ma kuna da rabo a wannan magana. A teburanku matsalolin gaske suke: kwalbatin da ruwa ke cinyewa kowace damina, famfon burtsatsen da ba ya shekara, taransifomar da ke yawan ƙonewa. Ku aiko wa tsoffin sassanku da su a rubuce, ku buɗe wa ɗalibai bayanan da doka ta yarda a gani. Ɗalibin da ya san akwai wani a ma'aikata da ke jiran amsarsa domin ya yi aiki da ita, da wuya ya ƙirƙiri lamba.

Nan da 'yan shekaru yawancin masu kare kundi a bana za su nemi rajista da COREN, majalisar da aka kafa da doka a 1970 domin kula da aikin injiniya a Nijeriya, su karɓi hatimin da za su riƙa bugawa a kan zane. Daga ranar nan, mutanen da ba su san su ba za su kwana ƙarƙashin rufin da suka lissafa, su haye gadar da suka tabbatar. Babi na huɗu shi ne wuri na farko da ake ba su irin wannan amana, a lokacin da kuskure bai wuce asarar maki ba. Muna roƙon su riƙe ta. Allah ya ba da sa'a, ya sa a gama lafiya.