Idan Yaronki Ya Fara Murɗa Damtse

   

A wannan wata zancenmu a kan samarin gidajenmu yake, 'yan shekara 13 zuwa 20. Duk wadda take zaune a ƙauyukanmu na arewacin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunci, ta san cewa da zarar an girbe gero an yanke dawa an roro wake, aikin yaro ya ragu, ƙarfinsa kuwa yana nan yana neman inda za a kai shi. Lokacin ne kalangu yake tashi a bakin kasuwa, a buɗe fagen dambe da kokawa. Sai ki ga yaronki ya fara tsayawa gaban madubi yana murɗa damtse, ko ki nemi manyan gwangwanayenki biyu ki rasa, ashe suna bayan danga an cika su da siminti an zura musu ƙarfe a tsakiya.

Wata uwar faɗa take hawa yi, har da mugun baki. Wata kuma ko kallo bai ishe ta ba, wai yarinta ce za ta wuce. Ni dai a ganina duk su biyun sun bar yaron a hannun abokai, su kuwa abokai abin da ke aljihunsu za su ba shi.

Son ƙarfi ba laifi ba ne a addininmu. Ya zo a hadisin da Imam Muslim ya ruwaito cewa Allah Ya fi son mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, duk da cewa kowannensu yana da alheri. Abu Dawud ya kawo cewa Manzon Allah (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, ya kuma yi tseren gudu da Nana A'isha (RA). Inda malamai suka ja layi shi ne dukan fuska da cutar da juna, shi ya sa Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta haramta damben zamani a zamanta na 1987, ta bar kokawar da babu cutarwa a cikinta. Damben gargajiyarmu kuwa, wanda ake naɗe hannu da zare a nufi muƙamuƙi, ga layu da guraye a damtse, ke ma kin san inda wannan hukunci ya ajiye shi. Saboda haka abin da nake so ki raba wa yaronki shi ne gina jiki daban, shiga fage a fasa wa ɗan wani baki daban.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba simintin ba ne, ƙwaya ce. A majalisar samari ana raɗa wa yaro cewa ba a ƙarfi sai da tiramol. Ƙarya ce tsagwaronta. Tiramol maganin kashe zafin ciwo ne, ba ya ƙara wa tsoka ko ƙwayar zarra. Abin da yake yi shi ne ya toshe wa yaro jin gajiya da jin ciwo, sai ya ci gaba da azabtar da jikin da yake roƙonsa ya huta. Daga nan jiki ya saba, guda ɗaya ta daina isa, idan kuma aka yawaita yakan kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Kin tuna a 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, har da 'yan mata da matan aure. Allah Ya shirya mana zuri'a.

To, akwai hanyar gina jiki da ba ta buƙatar ƙwaya, ba ta buƙatar ƙarfe, ko sisin kwabo ba a kashewa, a tsakar gida kuma za a yi ta a gaban idonki. Ni ina kiranta kokawa da kai, domin jikin mutum ne yake yin ja-in-ja da kansa.

Ga yadda abin yake. Allah cikin hikimarSa Ya yi wa gaɓoɓinmu tsoka bibbiyu masu adawa da juna. Dubi hannunki: tsokar gaban damtse ita ke lanƙwasa gwiwar hannu, ta bayansa ita ke miƙar da ita. A aikin yau da kullum idan ɗaya ta ja sai ɗayar ta saki. Amma idan mutum ya ɗaure su duka biyun da gangan, sannan ya motsa hannun a hankali kamar mai tura jaki ya ƙi tafiya, kowacce ta zama wa 'yar uwarta kaya. Haka nan idan hannun dama yana tura na hagu, na hagun yana tirjewa. Ita tsoka ba ruwanta da ko buhun masara ne ya yi mata nauyi ko ɗaya hannun ne, muddin ta sha wuya daidai gwargwado, ta samu abinci da hutu, to za ta ƙaru.

Wanda ya yayata wannan hanya a duniya wani mutumin Italiya ne da ya girma a Amurka, ana kiransa Charles Atlas. Shi da bakinsa ya ce miƙar da zaki yake yi a gidan ajiye namun daji ya gani ya ɗauki darasi, tunda zaki bai taɓa ɗaga ƙarfe ba. Daga 1929 shi da abokin kasuwancinsa suka riƙa sayar da darussan ta gidan waya da sunan Dynamic Tension. Ɗan kasuwa ne, tallarsa akwai zuzutawa, kada ki ɗauka kowa zai zama kamarsa. Amma tun kafin shi masu kareti na tsibirin Okinawa a ƙasar Japan suna da wani atisaye da suke kira Sanchin, ma'anarsa yaƙi uku. Mutum zai kafa ƙafafunsa a ƙasa, ya ɗaure jikinsa tun daga ƙafa har kafaɗa, ya riƙa takawa yana miƙa hannu a hankali tare da fitar da numfashi mai tsawo. Wannan tafiyar hawainiya da yaranmu suke gani a finafinan 'yan kareti suna dariya, ita ce tushen ƙarfin. Su tsalle da ihun kawai suke kwaikwayo.

Ga kaɗan da za ki iya nuna wa yaronki. Ya tsaya a miƙe, ya haɗa tafukan hannunsa a gaban ƙirji ya matse su da ƙarfi, sannan ya tura su gaba a hankali yana ƙirga ɗaya zuwa biyar, ya dawo da su haka nan ba tare da ya sassauta ba. Wannan na ƙirji da kafaɗa ne. Sai ya sarƙe yatsun hannayen biyu kamar ƙugiya, ya ja kamar zai raba su, yana ɗaga su sama yana saukewa, wannan na gadon baya ne. Na damtse kuwa, ya dunƙule hannun dama a gefen cinya, ya ɗora na hagu a kan wuyan hannun yana dannawa, na daman yana ƙoƙarin tasowa har kafaɗa, sannan a yi musanya. Ƙafa kuma ya tsuguna a hankali ya miƙe a hankali, diddige na ƙasa, cinyoyi a ɗaure. Kowanne sau 8 zuwa 10 ya isa a farko, kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani, domin a lokacin hutu ne tsoka take ginuwa.

Daɗin abin shi ne babu nauyin da zai suɓuce ya faɗo wa yaro a ƙirji ko a ɗan yatsa. Da ya ji zafi ya saki, shi ke nan nauyi ya tafi.

Sai dai ki kula da abu guda, ki kuma nanata masa: kada ya riƙe numfashi. Mafi yawan mutane idan za su yi yunƙuri sai su toshe maƙogwaro su yi nishi a ciki, fuska ta kumbura, jijiyar wuya ta miƙe. Wannan yana sa jini ya hau nan take, idan aka saki kuma jiri ya ɗebi mutum, wani har ya faɗi. Ƙa'idar ita ce a fitar da numfashi ta baki lokacin da ake turawa, a shaƙa ta hanci lokacin dawowa. Dabara mai sauƙi, ki sa shi ya riƙa ƙirgawa da babbar murya, domin mai magana ba ya iya riƙe numfashi. Kuma idan ya gani a waya malamin kareti yana bubbuga jikin ɗalibi lokacin wannan atisaye, ki gaya masa gwani ne yake gwada tsayuwar ɗalibinsa. Ba izini ba ne ya tsayar da ƙaninsa ya riƙa naushi a ciki.

Kada kuma ki yi masa alkawarin abin da babu. Tunda shi ne mai turawa shi ne mai tarewa, babu sikelin da zai nuna masa ko yau ya fi jiya, kuma malalaci yana iya yaudarar kansa. Hanyar tana ƙulla jiki, tana koya wa yaro sarrafa gaɓoɓinsa da numfashinsa, amma ba ta maye gurbin gudu da tafiyar ƙasa da jan guga. Gara ya haɗa su. Abinci kuma kada ya ruɗe ki da zancen garin gwangwani mai tsada, abin gina jiki yana cikin rumbunki da kasuwar ƙauyenku: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, nono, ƙwai idan an samu.

Ke ma uwargida ban cire ki ba. Iyayenmu da suka yi surfe da daka da niƙa a dutse ba su buƙaci wannan bayani ba, amma yanzu injin niƙa ya shiga kusan kowane gari, da yawanmu zaman ya fi motsin yawa, ga ciwon gwiwa da na baya tun ba a kai arba'in ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta ce baligi, mace ko namiji, ya riƙa yin motsin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. A 2023 kuma wata mujallar likitocin wasanni ta Ingila ta buga nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 270, aka ga cewa ɗaure tsoka a tsaye cik, irin mutum ya jingina bayansa da bango ya ɗan tsuguna kamar yana kan kujera, yana cikin abubuwan da suka fi taimakawa wajen sauke hawan jini. Wannan ɗan uwan abin da muke magana a kai ne, kuma a uwar ɗaka za ki yi shi, ba mai ganinki, minti goma bayan kin idar da azkar ɗin safe.

Amma mai juna biyu, da mai jego, da wadda aka yi wa aiki bai daɗe ba, da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, da mai ƙaba ko basir mai jini, kada ɗayansu ta fara sai ta je asibiti an auna ta, likita ya ce ta yi. Shi ma yaron, idan yana da sikila ko ya taɓa suma a wurin wasa, a fara kai shi a duba shi tukuna.

Wata mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba zancen awara da yadda ake sarrafa waken suya a gida.