Tsoron Gwaji Ya Fi Cutar Illa

Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Ban ga inda wannan magana ta fi dacewa ba kamar halin saurayi ko budurwar da suka yi tarayya da wani ba tare da kariya ba, daga baya zullumi ya hana su barci. Irin waɗannan suna nan a Azare, suna nan a Chinade da Gadau da Yana. Zazzaɓi kaɗan ko ƙurji ɗaya sai gaba ya faɗi, amma zuwa gwaji ya gagara, don gudun kada wani ɗan unguwa ya hango su a layin asibiti.

A ganina, mu masu nazarin harshe muna da hannu a wannan tsoro. Dubi sunayen da aka laƙaba wa cutar: "kabari kusa" da makamantansa. Wa zai kai kansa a shaida masa cewa kabarinsa ya matso? Shi ya sa a 2017 masana harshe da likitoci, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan, suka ba da shawarar a riƙa kiran ƙwayar HIV "karya-garkuwa", a bar "ƙanjamau" ga matakin da ciwon ya ci jiki. Bambancin yana da muhimmanci, domin mai ɗauke da ƙwayar da ke shan magani kan lokaci zai iya tsufa bai kai wancan mataki ba.

Mai karatu, ga abin da ya kamata kowa ya sani. Na farko, akwai maganin kariya da ake fara sha cikin awa 72 bayan saduwar, a ci gaba har kwana 28. Wanda kunya ta zaunar da shi mako guda ya yi asarar wannan dama. Wannan ya shafi har wadda aka yi wa fyaɗe. Na biyu, gwajin gaggawa da aka saba yi ba ya gano ƙwayar washegari. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci har wata 3, don haka ake maimaita shi. Na uku, alamun jiki ba hujja ba ne. Zazzaɓin cizon sauro ma haka yake farawa. Jini kaɗai ke raba gardama.

Idan kuma sakamako ya nuna akwai fa? Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta 'yan Nijeriya kusan miliyan 1.9 ke ɗauke da ita. Ana ba da maganin kyauta a asibitocin gwamnati, kuma wanda maganin ya danne ƙwayar har ba a ganin ta a jini ba ya shafa wa matarsa ko mijinta. Tun 2008 hukumar yaƙi da cutar ta Jihar Bauchi ta haɗa auren masu ɗauke da ita. Dokar tarayya ta 2014 kuwa ta hana nuna musu wariya.

Ba ina ɗaure wa alfasha gindi ba ne. Kame kai shi ne rigakafin da ya fi kowanne. Sai dai wanda abin ya riga ya faru da shi, tuba tsakaninsa da Ubangijinsa ne, gwaji kuwa haƙƙin wanda zai aura ne da 'ya'yan da za a haifa. Kada ya jira sai an sa rana waliyyai sun nemi takarda. Asibitin tarayya na Azare ba nisa gare shi ba. Mu kuma mu gyara bakinmu, domin kalma ɗaya kan hana mutum neman magani. Allah Ya kare mu, amin.