Wai Yaran Namu Ba Su Da Labari Ne?

Don Allah mai karatu, jawo littattafan Hausa goma na ƙarshe da ka karanta, ka nemo min wanda jarumin sa yaro ne ɗan shekara 14. Ba yaron da ake aike kiran budurwa zance ba, ba kuma marayan da matar uba ke gana wa azaba don mu zubar da hawaye ba. Yaron da labarin nasa ne.

Abin da ya tado da maganar shi ne Okay for Now, littafin da Ba'amurke Gary D. Schmidt ya fitar a 2011 domin matasa. A 1968 ne, yaƙin Biyetnam na ci. Doug ɗan shekara 14 ne, uban sa mashayi mai saurin hannu, wan sa Christopher kuma a kan sa ya ke hucewa. Babban wan su Lucas ya dawo daga fagen daga ba ƙafafu, idanu a naɗe. A makaranta, malamin motsa jiki ya sa Doug a gaba da cin zali, har ta kai an yaga masa riga a gaban yara, zanen wulaƙancin da uban ya sa aka yi masa a ƙirji ya bayyana.

To, nan ne gizo ke saƙar. Shi ma malamin tsohon sojan Biyetnam ne, abin da ya gano a can bai bar shi ba. Schmidt bai wanke shi ba, amma ya nuna maka inda muguntar ta samo asali. Da a fim ɗin mu ne, da tuni an haɗa shi da boka, a ƙarshe ya haukace, a sa waƙa, shi kenan!

Ban ce littafin ba shi da makusa ba. Shiryuwar uban a ƙarshe ta yi saurin da ban yarda da ita ba.

Wasu marubutan za su ce maka ai yara ba su sayen littafi, ko kuma irin wannan labari ya fi ƙarfin su. Haba malam! Yaron da aka haifa a Maiduguri a 2009, shekarar da rikicin Boko Haram ya ɓarke, yau saurayi ne. Wani a sansanin gudun hijira ya yi wayo, wani uban sa soja ne da ya dawo gida ba ya barci, wani ana tsokanar sa a aji da sunan 'yan ta'adda don kawai daga Bama ya zo. Shi ne za ka ce takarda ta fi ƙarfin sa? Batun ciniki kuwa, yaushe ku ka rubuta masu su ka ƙi saye?