A niƙa naman nan, yara su samu

Jama'a, bidiyon girkin nan da ke yawo a Facebook da TikTok, na niƙaƙƙen naman sa da wani ganye mai kama da 'yar bishiya da ake kira burokoli, duk a kasko guda, na ga ya raba kan mutanenmu na Birnin Kudu da Gwaram. Wasu sun ce abincin 'yan gayu ne, wasu kuma har tambaya suke ina ake sayar da ganyen.

Ni dai burokolin bai dame ni ba. Ganye ne mai son sanyi, shi ya sa a wajajen Jos aka fi noma shi, kuma kafin ya iso mana kuɗin mota ya hau kansa, zafi ya sa ya fara yin rawaya. Muna da zogale a bayan gida, ga alayyahu, ga kabeji da rani ya yi. Wannan ba matsala ba ce.

Abin da ya ja hankalina shi ne niƙa naman.

Mu faɗa wa juna gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, nama ya zama baƙo a gidaje da yawa. Ran da maigida ya daure ya sayo kashi ɗaya wajen mahauci, tsoka nawa ce a ciki? A jefa a miya, a tsamo masu kyau a sa a kwanon maigida, in da baƙo a ba shi, uwargida ta haƙura da ƙashi. Yaron da ake shirin yayewa fa? Romo. Ko an miƙa masa tsokar ma tsotsa zai yi ya yar, don ba shi da haƙoran tauna ta. Alhali shi ya fi kowa buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi daga wata 6, ban da nono, a riƙa ba yaro nama ko kifi ko ƙwai kullum. Kullum kam ta fi ƙarfin yawancinmu, amma ran da aka samu ai bai kamata ya tashi a tutar babu ba. Duk wanda ya taɓa leƙa ɓangaren yara a asibiti ya san yadda tamowa da ƙarancin jini ke yi da su.

In aka niƙa, babu sauran tsokar wane da wane. Duk lomar da aka ɗauka akwai nama a ciki. Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu, mu da muke daka dambun nama a turmi da sallah.

Yadda ake yi ba wuya. A soya albasa da ɗan man gyaɗa, a zuba naman a yi ta juyawa har ruwansa ya tsotse ya yi ja-ja-ja, babu sauran ɗanye ko kaɗan. Sai tafarnuwa, citta, daddawa, tumatir da tattasai. Attaruhu a rage saboda yara. Ganye a ƙarshe, ya ninka naman sau uku ko huɗu. Kabeji minti biyar ya ishe shi, zogale kuwa a ɗan tafasa shi tukuna. A matsa lemon tsami bayan an sauke, yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙara jini da ke cikin ganyen. Da shinkafa, da taliya, da dankalin Hausa, duk yana tafiya.

Na san iyayenmu maza za su ce naman da ba a gani a kwano ai ba nama ba ne. Baba, Allah ya ƙara girma, a ware maka tsoka ɗaya, sauran a niƙa.

Sai dai a kula: niƙaƙƙen nama ya fi yankakke saurin lalacewa, ga zafi, ga wutar da ba a dogara da ita balle a ce firji. A saya a dafa a ranar. Kada a kai injin markaɗen unguwa. A daddatsa shi ƙanana da wuƙa a daka a turmi mai tsabta. Mahautanmu na kasuwar Sara da ta Birnin Kudu kuma, da za ku ajiye ɗan injin niƙan nama na hannu a gefen tebur, kuna wanke shi da ruwan zafi, kuna niƙa wa mai saye a gabansa, wallahi mata za su yi muku layi.