Jigwada Da Keffi: A Haƙa Lambatu Tun Ruwa Bai Ci Gari Ba

Duk wanda ya ratsa garin Keffi a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, ba ya bukatar wani ya ba shi labarin halin da talakawa ke ciki. Hanyoyin cikin unguwanni sukan koma rafuka, kwalbatoci su toshe da leda da robobi, ruwan wanka da na wanke-wanke da ke fitowa ta rariyar gidaje ya haɗu da na sama ya kwanta a ƙofar mutane, sauro ya sami wurin ƙyanƙyasa. Abin da ruwa ya iya ɗauka kuwa sai ya gangara da shi kogin Antau da ya ratsa garin. Al'adar mahukuntan ƙasar nan ita ce su jira sai ɓarna ta auku, sannan su zo jaje da buhunan shinkafa da katifu da masu ɗaukar hoto. Tambayar da ta kamata a yi musu ita ce, ina lambatun da zai hana ɓarnar aukuwa, ina kuma wurin da aka tanada domin ƙazantar gari?

Keffi tsohon gari ne. Abdu Zanga ya kafa shi wajen shekara ta 1800, kuma masana tarihin garin sun ce daga kalmar kafi, wato shingen da aka yi don tsare jama'a, sunan ya samo asali. Garin ya daɗe yana girma a hankali, har zuwa 1976 da aka yi dokar kafa sabon babban birnin Tarayya, da kuma Disamba 1991 da Gwamnatin Tarayya ta tare a Abuja. A ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato. Daga baya aka buɗe Jami'ar Jihar a Keffi, ga kuma babban asibitin Tarayya. Tsadar haya a Abuja ta tunkuɗo ma'aikata da 'yan kasuwa ta Mararraba da Masaka har zuwa Keffi. Ƙidayar 2006 ta sami mutum dubu 92 da 'yan kai a ƙaramar hukumar, kuma mai ido ya san cewa yau an wuce nan nesa ba kusa ba. Jama'a sun ƙaru, gidaje sun ƙaru, amma har yanzu babu wani babban bututu da ke kwashe ƙazantar gidajen garin zuwa wurin tacewa. Kowane maigida da raminsa, kowace unguwa da gwalalonta.

A nan ne maganar Jigwada ta shigo. Jigwada ɗaya ce daga gundumomi goma na Ƙaramar Hukumar Keffi, kuma tana cikin wuraren gefen gari da har yanzu akwai gonaki da sarari. Irin waɗannan wurare ne gari ke faɗaɗa ya nufa. Mai gona ya sayar, dillali ya yanka fuloti, mai saye ya zuba bulo, ba wanda ya tsaya ya duba ta inda ruwa ya saba bi tun kaka da kakanni. Alhali kuwa lissafin ba shi da wuya. Gona tana shan ruwan sama, kwanon rufi da daɓen siminti ba sa sha. Rufin gida mai faɗin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare guda, zai zubar da lita 5,000, wato cikin duro 25. A ninka wannan da gida dubu, a ga irin ruwan da za a saki a kan hanyar da ba ta da lambatu. Ruwa ba ya manta hanyarsa. In an gina ɗaki a kanta, ta cikin ɗakin zai bi. A cikin tsohon gari gyara sai da rusau da diyya da rigima. A Jigwada kuwa, igiyar awo da taswira da hukuma mai gaskiya sun isa, muddin an yi tun yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ambaliya ana ganinta da ido. Abin da ya fi ta haɗari yana ƙarƙashin ƙasa. Masana kiwon lafiya sun yi ittifaƙi cewa ya kamata a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya. To, fulotin da aka saba yankawa ƙafa 50 ne a faɗi, ƙafa 100 a tsawo, ƙafa 100 ɗin nan kuwa ita ce mita 30 da ɗan ɗoriya. Wasu ma rabin fuloti suke iya saya. Ashe ke nan ko maigida ya nisanta rijiyarsa da masansa, ba zai iya nisanta ta da masan maƙwabcinsa ba. Da damina ta yi nisa ruwan ƙasa ya taso, sai abin da ke cikin rami ya tsiyaya ya sami rijiya. Idan ramin ya cika aka kira masu kwashewa, su ma ina za su kai, in hukuma ba ta tanadi wuri ba? Sai daji, sai gona, sai bakin rafi da tsakar dare. Daga nan zazzaɓin taifot da amai da gudawa ke samun hanyar shiga gida. A 2021 cutar kwalara ta kama sama da mutum dubu 100 a ƙasar nan, ta kashe sama da 3,500, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Yawancin waɗanda aka binne 'ya'yan talakawa ne, domin mai hali yana da rijiyar burtsatse mai zurfi, yana kuma sayen ruwan kwalba.

Masu riƙe da mulki da 'yan kanzaginsu suna da uzuri uku da suke maimaitawa, kuma ya dace a auna kowanne.

Na farko su ce ƙaddara ce. Babu Musulmi ko Kirista da ke musun cewa ruwa na Allah ne. Amma toshewar kwalbati ta mutum ce, sa hannu a takardar fili a tsakiyar hanyar ruwa ma na mutum ne. Malamai sun sani addini ya hana yin bayan gida a kan hanya da inuwa da wurin ɗiban ruwa, ya kuma umarci mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa kafin ya ce ya dogara. Birnin Landan ma ya taɓa zama cikin wannan hali. A 1854 wani likita, John Snow, ya nuna cewa daga famfon rijiya guda kwalara ke yaɗuwa a wata unguwa. A 1858 warin kogin da ya ratsa birnin ya dami 'yan majalisa har suka amince da kuɗi, injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan ƙazanta, kwalara ta yi ban kwana da birnin. Sai da warin ya kai hancin manya aka sami kuɗin aikin. Darasin da ke ciki ke nan.

Na biyu su ce laifin talakawa ne, su ke zuba shara a lambatu. Gaskiya ne ana zubawa, kuma mummunar ɗabi'a ce da ya wajaba a bari. Sai dai kafin a tuhumi matar da ta juye shara a kwalbati, a nuna mata inda motar shara ke tsayawa a unguwarsu. Tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 da 1985 ake fito da jama'a ranar Asabar su yashe lambatu, su tara dagwalo a bakin titi, ruwan farko ya maida shi inda aka ciro shi, domin ba a aiko da motar kwashewa ba. Shekara arba'in ana wannan aikin baban giwa. A zamanin En'e akwai duba-gari da ke shiga gida gida yana duba randa da masai da rariya. Ma'aikatan tsabta suna nan a takarda har yau, amma nawa ne ke da babur da kayan aiki da albashi kan lokaci?

Na uku, wanda ya fi kowanne raina hankali, su ce babu kuɗi. Tun 1981 aka kafa asusun kula da muhalli na Tarayya, wanda ake cire masa kaso daga kuɗin ƙasa domin zaizaya da ambaliya da kwararowar hamada, kuma jihohi da ƙananan hukumomi suna da rabonsu a ciki. Inda irin wannan kuɗi ke zuwa ba ɓoyayye ba ne. A watan Yuni 2018 kotu a Abuja ta ɗaure tsohon Gwamnan Filato, Joshua Dariye, saboda karkatar da Naira miliyan dubu ɗaya da miliyan 162 na wannan asusu, a 2022 kuma aka yi masa afuwa. Bugu da ƙari, a 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen Dala miliyan 700 domin gyaran ƙasa da hanyoyin ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. An kuma ranto kuɗi daga ƙasar Sin an mai da titin Keffi zuwa Makurɗi tagwaye. A Abuja, tafiyar da ba ta wuce awa guda ba in babu cunkoso, akwai ma'aikatar tace ƙazanta ta Wupa da aka tsara domin mutum dubu 700. Ma'aikacin da ke share ofis a can da rana, shi ne ke komawa Keffi da dare ya kwana kusa da gwalalo. Kuɗi akwai su. Abin da ya sa ba a zuba su a bututu shi ne bututu a ƙarƙashin ƙasa yake kwanciya, ba a ganinsa ranar kamfe, ba a kafa masa allo mai hoton gwamna.

Kada kuma wani ya ce bai san aikin wane ne ba. Tsarin Mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina lambatu da kula da shi, da gidajen bahaya na jama'a, da kwashe ƙazanta da shara. Shekaru da dama shugabannin ƙananan hukumomi suna kukan cewa asusun haɗin gwiwa ya ɗaure musu hannu. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan su kuɗinsu kai tsaye. In an aiwatar, uzuri ya ƙare. In ba a aiwatar ba, sai su fito su gaya wa jama'a wanda ya riƙe. Tsara gari da ba da izinin gini kuwa suna hannun hukumar raya birane ta jiha, ita ce za ta amsa tambaya a kan duk ginin da ya tare hanyar ruwa. Gwamnatin Tarayya ma ba ta tsira ba. A 2018 ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsabta, a 2019 ta yi alkawarin kawo ƙarshen bahaya a fili kafin 2025. Binciken da ita kanta ta yi a 2021 ya sami mutum miliyan 48 suna yi. Wa'adi ya zo ya wuce. Amma Jihar Jigawa, wadda ba ta fi kowa arziki ba, ta cika sharaɗin tun Oktoba 2022, abin da ya nuna cewa niyya ce ta yi ƙaranci a sauran wurare.

Abin da Jigwada da Keffi ke bukata ba ya bukatar ƙwararru daga Turai. Na ɗaya, a auna hanyoyin ruwa na Jigwada da sauran gefen gari, a zana su a taswira, a kafa ta a ofishin hakimi da na ƙaramar hukuma, a haramta yanka fuloti a kansu, mai saye ya gani kafin ya biya. Na biyu, a fara gina manyan lambatu daga gangare zuwa tudu, domin lambatun da ba shi da mafita tafki ne kawai aka gina wa sauro. Na uku, a bar sarari a gefen Antau da ƙoramun da ke zuba cikinsa, a dasa itatuwa, wanda ya riga ya yi gini da takardar hukuma a biya shi diyya ta gaskiya. Na huɗu, a ware fili a bayan gari, nesa da rijiyoyi, a haƙa tafkunan tace ƙazanta irin waɗanda aka yi wa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Jerin tafkuna ne, ƙazanta ta kwanta a na farko, rana da iska su ƙarasa aikin a na gaba, ba sa cin wutar lantarki. A wajabta wa motocin kwashe masai su kai kayansu can. Na biyar, a gina bahaya na jama'a a kasuwanni da tashoshin mota da makarantu. Na shida, kowane wata a buga abin da ya shigo na asusun muhalli da abin da aka yi da shi, da sunan ɗan kwangila da tsawon lambatun da ya gina, domin mai unguwa ya ɗauki igiya ya auna.

Gargaɗi ya isa ga mai hankali. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363, ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu. Ta 2022 ta kashe sama da 600. A Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. A ƙarshen Mayu 2025 ruwan dare guda ya hallaka sama da mutum 150 a Mokwa ta Jihar Neja, maƙwabciyar Abuja kamar yadda Nasarawa take. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka wajibi ne mutanen Jigwada, da masu unguwanni da limamai da fastoci da ƙungiyoyin matasa da na mata, su riƙe wannan magana su kai ta gaban kansilansu da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha, a rubuce, tun rani bai ƙare ba. Fadar Mai Martaba Sarkin Keffi, wadda maganarta ke da nauyi a kan sha'anin filaye, ta sa baki. Duk mai neman ƙuri'a da ya zo da atamfa da sabulu, a karɓe shi da mutunci, sannan a tambaye shi mita nawa na lambatu ya gina, ina kuma ƙazantar garin ke zuwa. Wanda ya kasa amsawa, a ba shi tasa amsar ranar zaɓe. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kare talakawa daga sakacin shugabanni.