Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Darasi Daga Tsofaffin Wasiƙun Dangin Masu Taɓin Hankali

Mai karatu, idan akwai mai larurar ƙwaƙwalwa a gidanku, ra'ayina shi ne abin da ka sani game da shi wani ɓangare ne na maganinsa, kuma bai kamata ka bar shi a cikinka ba. Tsofaffin takardun gidajen da ake tsare masu taɓin hankali sun isa hujja.

Masaniyar tarihi Catharine Coleborne ta binciki kundayen irin waɗannan gidaje huɗu na zamanin mulkin mallaka, daga 1860 zuwa 1914: Gladesville da Goodna da Yarra Bend a Ostareliya, da na Auckland a Niyuzilan. A 2010 ta fitar da littafi a kai. An daɗe ana ɗauka cewa wanda aka kai can, danginsa sun yar da shi ke nan. Takardun sun nuna ba kullum haka abin yake ba. Tare da bayanan likitoci akwai wasiƙun iyaye da mata da mazaje da 'yan'uwa. Wasu na tambayar lafiyar nasu, wasu na bayyana yadda ciwon ya fara, wasu na roƙon a ba su shi ya koma gida na ɗan lokaci a gani, wasu kuma na kukan kuɗin jinya ya fi ƙarfinsu.

Abin lura shi ne bambancin rubutun biyu. Likita ya rubuta alamomin cuta. Dangi sun rubuta mutum: sana'arsa, da halinsa kafin ciwo, da abin da ya girgiza shi. Kuma sun yi haka ne a lokacin da babu wani magani mai ƙarfi, domin Largactil, maganin farko da ya yi tasiri sosai a kan irin wannan larura, sai a 1952 aka fara amfani da shi a kanta a birnin Faris.

A Nijeriya, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya gane darajar dangi. A 1954 ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda mara lafiya ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa karɓar magani da rana. Ya mayar da dangi abokan aiki, ba baƙi masu leƙe ba.

Yau muna da magunguna, kuma wannan ya ƙara wa bayaninka nauyi. Likita na ganin mara lafiya 'yan mintuna a wata, mu masu ba da magani ma haka. Kai ne ke ganinsa dare da rana. Haldol da Largactil kan jawo sanƙarewar jiki, da rawar hannu, da dalalar yawu, da kasa zama wuri ɗaya. Dangi kan zaci ciwon ne ya ƙaru, alhali gyaran magani kawai ake bukata. Mai shan litiyam da ya kamu da amai da gudawa, ko tangaɗi, a kai shi asibiti a ranar. Haka ma mai shan Tegretol da ƙuraje suka feso masa tare da zazzaɓi ko gyambon baki. Magungunan ciwon damuwa kuwa kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga amfaninsu, don haka kada a yanke ƙauna da wuri, kada kuma a tsayar da magani rana ɗaya ba tare da shawarar likita ba.

To, ka nemi ɗan littafi. Rubuta kwanan wata, da awannin barcinsa, da yadda yake cin abinci, da ranar da ya ƙi shan magani da dalilinsa, da ranar allura ta gaba in yana karɓa. Rubuta duk wani jiƙo ko maganin gargajiya da aka ba shi, kada ka ɓoye don jin kunya. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Ka zo da littafin da kwalayen magungunan duk ranar ganin likita.

Wani zai ce wannan tona asirin mara lafiya ne. Damuwar tana da tushe, domin shi ke da haƙƙin sirrinsa. Saboda haka ka rubuta da saninsa, ka karanta masa, ka sa abin da shi ma yake son a faɗa, musamman abin da maganin ke yi masa wanda ba ya so. Littafin na likita ne, ba na maƙwabta ba.

In kuma an kwantar da shi, ka tuna zumunci a ƙafa yake. Waɗancan mutanen sun jira amsa ta gidan waya daga nesa. Kai kana iya zuwa, ka gan shi, ka tambayi sunan kowane magani da dalilin ba da shi, ka kuma nemi a sa bayaninka a cikin fayil ɗinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.